Kawu ya sa wayarsa caji

Daren Alhamis, Bodinga

Aikin ya sake salwanta. Tun jiya kwamfutar ke lissafin farantin nan nawa na binciken jami'a, mai fuska ɗaya ta tangaran, ɗaya ta ƙarfe, a tsakiyarsa kuma suna cakuɗuwa a hankali har ba a ganin iyakarsu. So nake in ga inda zai fara tsagewa idan zafi da nauyi suka haɗu a kansa. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, da solar gidanmu kaɗai take numfashi, soket ɗin kuma guda ne.

Bayan la'asar Kawu Bello ya iso daga Horo Birni. Na durƙusa na gaishe shi, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗiyata, cire wanga abu ki sa min tawa, ta mace tun a garin Shagari."

Na dubi Inna. Ta kawar da kai. Wa zai ce wa yayan mahaifiyarsa ya jira? Da hannuna na zare, ina kallo allon ya yi baƙi, saura kaɗan lissafin ya gama. Har albarka Kawu ya sa mini.

Malamina ya ce in babu sakamako ranar Litinin, sai baɗi. Da wayar Kawu ta cika na sake kunna lissafin daga farko, amma hadari ya haɗo, gobe ba rana ke nan, kuma Kawu kwana zai yi.

Har yanzu ban san inda farantin zai tsage ba. Ni dai na ji inda na fara tsagewa.