Tambayar Baban Hakeem

Highbridge, Bronx,
New York.

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara, ciwon gwiwar kuma ya yi sauƙi. Na ga ta'aziyyarki, Allah ya saka da alheri. Kin ce maigidana ya yi dace, ya cika tsakanin ɗansa da ƙanensa. Yaya, bari in gaya miki irin dacen.

Tun da Hakeem ya gama jami'a yake cewa babu Allah. Shi kuwa baffansa Gafaru, mai koyar da falsafar addini, cewa yake akwai, amma ba wanda muke ɗaga wa hannu ba; wai shi ne tushen samuwa, ya fi ƙarfin a ce yana ji ko yana amsawa. Shekara da shekaru suna wannan gardama a falona, ni ce mai kawo shayi. Littattafan da suke jifan juna da su duk na karanta, na fi su sanin inda kowanne ya yi rauni.

Ranar Talata da hantsi Baban Hakeem ya farfaɗo a asibiti. Ya janye robar numfashi da hannunsa, ya dubi Hakeem da Gafaru, ya tambaya ko Allah yana jin sa. Shi ya yi ɗawainiyar karatunsu su biyun, ya ɗauka sun sani.

Hakeem ya sunkuyar da kai. Shi ba ya ƙarya, ko ga ubansa. Gafaru ya jawo kujera, ya gyara tabarau, ya fara bayanin cewa sai an tantance abin da ake nufi da ji. Hakeem ya ɗago ya ce wannan zillewa ce. Suka ci gaba, Yaya, ɗaya a dama da gadon, ɗaya a hagu.

Na ture Gafaru, na sa bakina a kunnen mijina na ce e, yana ji, na laƙƙana masa kalmar shahada. Da na ɗago, nas tana tsaye tana duban na'urar bugun zuciya. Na tambaye ta ko da sauran ransa lokacin da na yi magana. Ta ce ba za ta iya tabbatar min ba.

Jiya Hakeem da Gafaru suka zo tare, wai su duba ni. Ban buɗe ƙofa ba.

Ki gaida mutanen gida. In za ki yi masa addu'a, ki ɗaga murya.

Ƙanwarki,
Salima