Hoton Rigar Baba

Assalamu alaikum Yaya Sa'adatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya Abban Hafsat da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙanƙara lafiya, sai kewa.

Kin san ina zana tufafin da ake sa wa mutanen cikin wasan kwamfuta. Na so in ɗora aikin farar rigar marigayi Baba, wanda ya yi da hannunsa, tunda ita ta ƙone da gidanmu na Pauwa. Hoto ɗaya gare ni, shi ma ƙarami. Da na faɗaɗa shi sai zaren ya farfashe, ya koma dishi-dishi. Kwana uku ina gyara.

Jiya na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sani, wannan ba hannun Malam ba ne." Ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki. Ranar ban iya cin abinci ba.

Don Allah ki duba hotunan bikinki, wannan rigar Baba ya sa ranar. In kin samu, ki turo asalin hoton a fayil, kada waya ta matse shi.

Ki sa Baba a addu'a. Inna tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Sani