Damin Gidan Bukari

Stains, farkon watan Mayu

Zuwa ga Hajiya Sahadatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Bron, can gefen Lyon, baki ɗaya. Yaya jikin 'yarmu Mutmainna, yaya nauyi? Allah ya raba lafiya. Ki gaishe mini da mijinta.

Bayan haka, ya zama wajibi in sanar da ke wani babban rashi da aka yi a gidan nan. Tukunyarki ta dalma, wadda kika zo da ita daga Maraɗi, wadda ta ciyar da mu shekara da shekaru ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, ta cika ranar Talata da hantsi, da shinkafa a cikinta. Ina ɗaki ina rubutu sa'ad da abin ya faru. Maƙwabciyarmu ta sama ce ta fara samun labari, ta hanci. An yi iya ƙoƙari da soso da sabulu, amma kwana ya ƙare. Sai haƙuri.

Kin ce saƙonnina na murya suna sa ki barci kafin in iso kan magana, shi ya sa na koma takarda. Ita tana iya jiranki ki farka.

Rubutun da ya ci tukunyar shi ne salsalar kakanmu Badaru, kuma na gama ta. Na zana ta reshe-reshe yadda Nasara ke yi. Kin sha jin labarin har kin gaji, amma ki sake ji, tunda ba ki nan balle ki tashi ki bar ni. Badaru ya baro ƙasar Gobir yana gudun haraji da aikin dole, shi da matarsa Zuwaira da jaki ɗaya da gatari da irin gero a gora. Ya yi ta yin arewa har ya kai inda babu mai tambayarsa sunan ubansa. Nan ya sare daji, ya haƙa rijiya, garin ya ci sunansa. Wani kumandan na mulkin Nasara ya ba Rijiyar Badaru layi biyu a wani littafi da na samu a ɗakin karatun da nake aiki, kuma a layi biyun nan ya iya ɓata sunan. Sauran duk daga bakin marigayiya gwaggona na ɗauko, ita da ta tashi a ɗakin Zuwaira. Ta ce Zuwaira haihuwa bakwai ta yi, amma da na ce ta lissafa, suna shida ta kawo, ta ce su ta ji a bakin tsohuwar. Na ɗauka na bakwan bai yi rai ba, na bar masa gurbi fari kamar kujerar babban baƙon da bai zo taro ba.

A ƙasan takardar na jera waɗanda suka biyo baya da gari ya kafu. Cikinsu akwai Bukari, kakan abokina Moctar mai shago a unguwar Château-Rouge ta Paris. A ƙarƙashin sunansa na rubuta abin da kowa ya sani: duk kaka gidan Bukari kan kawo damin gero ɗaya rumbun Zuwaira, kuma an ci gaba da kawowa gidanmu har zamanin babana. Littattafai sun ce wannan ita ce alamar gonar aro. Na rubuta hakan, da ƙaramin rubutu.

Na san kin ce mini ta waya in ajiye ta a akwati, wai salsala aikin maroƙa ce ranar biki, su ma sun san inda suke tsallakewa. To, na riga na tura ta zauren WhatsApp na 'yan garinmu. Yabo har ya yi mini yawa. Isufu ɗan baffana, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya karanta abin da ya wuce rubutun buhun taki ba, ya kira ni daga ƙauye yana roƙon in ƙara girman rubutun da ke ƙarƙashin Bukari, wai idonsa ba ya gani sosai. Kin ga ilimi ya shiga gari. Moctar kaɗai ne bai ce komai ba, halan kasuwa ta riƙe shi.

Gidan ya yi mini faɗi. Ki kula da ƙafarki wajen hawa jirgin tiram na cikin gari. A gaida kowa da kowa.

Naki,
Rachidou

Stains, ƙarshen watan Mayu

Hajiya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya gajiya, yaya mai jiki biyu? Na ji likita ya ce ko yau ko gobe. Allah ya kawo da sauƙi. Ni lafiyata lau, sai dai abinci ba ya shiga, kuma wannan karon ba laifin girkina ba ne.

Yanzu na gane abin da ya sami idon Isufu. Ya kai zanena Dakoro an buga masa shi babba, an rufe shi da leda don kada ruwa ya taɓa, ya ɗauka ya kai gaban mai gari. Ya ce gonar gidan Bukari, wadda ke gabas da rijiya, aro ce, kuma masu ita suna son abarsu kafin shuka. Kin san yadda garin ya cika, gonar da mutum ɗaya ya sare yau magidanta goma ke rabonta, shi kuma Isufu Allah ya ba shi 'ya'ya maza. Duk wanda ya yi masa gardama sai ya ɗaga takardar ya ce ɗan'uwanmu na Paris ne ya binciko a littattafan Nasara. Ashe na zama hujja ban sani ba.

Moctar ya zo gidan nan bayan Juma'a. Na ɗora shayi, ya ce ya ƙoshi. Mutumin da kika sani, wanda ba ya barin gidan nan sai ya sha na uku ya kushe sukari. Ko rigar sanyinsa bai cire ba. Mun gaisa kamar waɗanda suka haɗu a ofis, sannan ya ce: "Malam Rachidou, tsohuwata a gonar nan ta tsufa. Ƙannena sun ce duk wanda ya sa sungumi a ciki, a ciki za a ɗauke shi."

Ya ƙara da cewa su tun suna yara ana gaya musu su 'yan gida ne, kuma kabarin Bukari yana gefen na Badaru, ba can bayan gari wajen baƙi ba. Da na yi shiru da ya fi. Amma kin san ni, in aka taɓo abin da na karanta sai bakina ya riga ni. Na ce masa duk wanda ya zo daga baya haka yake faɗa, daga nan har Sin. Na ce gwaggo ta gaya mini Zuwaira ba ta ƙaunar ganin Bukari: in ta hango shi a hanya sai ta ratse, ba ta cin abinci in yana gidan, kuma har ta mutu ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "na kudu". Na ce wa ke yi wa ɗan gida haka? Ya daɗe yana kallona, ya ce ya gode da karatu, ya tafi. Na ji saukarsa a matakala, bai jira asansar, na'urar hawa bene, ba.

Abin da na faɗa gaskiya ne gwargwadon sanina, amma ban rubuta shi don a kori kowa ba. Na kira Isufu na ce masa tarihi ba takardar shari'a ba ne, mutanen nan zuriya huɗu ke nan suna noman wurin. Ya yi dariya ya ce ni dai in ci gaba da bincike, su za su ji da sauran. Ya ce Allah ya ƙara basira.

Labaran da ke zuwa ba su da daɗi. A masallaci sahu ya rabu, 'yan gidanmu dama, 'yan gidan Bukari hagu, an bar fili a tsakiya. Matansu sun daina zuwa rijiya sai namu sun watse. An ce maƙeri bai taɓa samun aiki irin na bana ba, kuma ba duka kayan noma ake kai masa ba. Mai gari ya ce a jira sarkin kanto, sarkin kanto ya tafi Yamai ganin likita. Ruwa kuwa ba ya jiran kowa ya dawo. Ranar da aka yi na farko, da asuba kowa zai fita da sungumi da iri, kuma gida biyu gona ɗaya suka nufa.

Nan kullum ruwa ake yi, na tsaya a bakin tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina kallonsa yana bin kwalta a banza. Jiya na kama kaina ina roƙon Allah ya jinkirta damina a garinmu. Ni jikan manoma. Ban taɓa jin wanda ya yi irin wannan addu'a ba, kuma ban san ko ta halatta ba.

Ki sa mu a taki addu'ar. Da an sauka ki kira ni, in hau jirgin ƙasa in taho. A gaida Mutmainna da mai gidanta.

Mijinki,
Rachidou

Stains, tsakiyar watan Yuni

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun huta gajiyar suna. Yaya mai jego, yaya angon ƙarni, yaya ƙaramin maigidanki Kamalu? Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Na iso lafiya. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo miki yanzu, ba ta da lokacin bin gidan waya.

Kin tuna jiya a kicin, da baƙuwar nan ta unguwar Minguettes ta tambaye ki 'ya'yanki nawa? Kika ce uku. Ta ce su wa da wa, kika kawo suna biyu kika ci gaba da juya miya. Mutmainna na tsaye a bakin ƙofa da jariri, ta ce da Faransanci ita dai uwarta ba ta taɓa sanin sunanta ba. Ke kuwa ko waiwayowa ba ki yi ba, kika ce: "Ku ce wa waccan ta je ta zauna, jego take." Aka yi dariya, har da ni. Shekara talatin ina ganin wannan kunya taki ta 'yar fari, ina yi miki ba'a, ina cewa a Faransa ma ba ki bar ƙauyanci ba.

Sai da jirgin ƙasa ya bar Lyon, ina kallon gonakin mutane ta taga, abin ya faɗo mini. Haihuwa bakwai, suna shida. Mace ta hango mutum ta ratse hanya, ba ta ci a gabansa, ba ta kama sunansa. Hajiya, wannan ba ƙiyayya ba ce, abin da na gani a kicin ne. Ɗan fari a wancan zamani wajen kakanni ake yaye shi, can yake tashi. Da Badaru ya gudo arewa, yaron yana Gobir. Ya girma ya biyo sawun iyayensa, ya zama "na kudu". Kuma damin gonar aro mai gona ake kai wa, rumbun namiji. Wannan rumbun Zuwaira ake kai shi. Ɗa ne ke kai wa uwarsa hatsi. Da hannuna na rubuta rumbun wa ake kai shi, ban tsaya na karanta ba.

Daga tashar jirgi na wuce Château-Rouge. Shagon a rufe. Na je gidansa, matarsa ta ce Moctar ya tafi ƙauye tun makon jiya, ya ce ba zai zauna nan a kira shi a gaya masa abin da ya faru ba. Ta ba ni lambar tsohuwarsa ba tare da ta ce in shigo ba.

Ɗazu na kira ta. Ta amsa gaisuwata tsaf, ta tambayi jikinki, ta yi mini barka da jika, ta kira ni da sunan da ake kirana ina yaro. Kunya ta kusa hana ni tambaya. Na ce ko ta taɓa jin abin da ke tsakanin Bukari da Zuwaira. Ta ce ita aure ya kawo ta gidan, ba ta san salsala ba. Abin da surukarta ta gaya mata kawai shi ne, ranar da Zuwaira ta rasu Bukari ne ya kawo likkafani, kuma shi ya fara shiga kabari ya karɓe ta, sauran 'ya'yan suna miƙo masa. Ba a ba baƙo wannan.

Muna cikin magana muryarta ta fara ɓacewa. Na ɗauka layi ne. Ta ce a'a, ruwa ne a kan kwano, hadari ya haɗu tun azahar, yanzu ya sauko, mai yawa ne kuwa, na shuka. Ta yi hamdala, muka tsaya muna jin ruwan tare.

Na cike gurbin da na bari, na sa sunan Bukari a kan na kakana, inda ya kamata. Na tura zauren, na yi bayani da murya, gajere wannan karon. Na ce yayyenmu muke shirin kora daga gonar ubansu. Mutum biyu suka saurara. Isufu ya amsa da layi ɗaya: "Ta farkon ce a hannun mai gari." Daga nan wayarsa a kashe. Ta Moctar tana shiga, ba ya ɗauka. Na kira liman, ya ce zai yi magana bayan sallar asuba in sun zo masallaci, amma ranar shuka da yawa a gona suke yin tasu.

Ga roƙona. Matar Isufu tana jin maganarki, ke kika riƙe ta lokacin da ta kwanta asibiti a Maraɗi. Ki kira ta yanzu, ki gaya mata yadda mata ke gaya wa juna, za ta gane kafin ki kai ƙarshe. Ta tsaya a ƙofar gida da asuba, ta tsayar da 'ya'yanta ko da ubansu ya wuce. Ki kira duk tsohuwar da kike da lambarta. Ni in na kira, karatuna suke ji, kuma karatun ne ya kawo mu nan.

Can an yi magariba, nan har yanzu rana tana saman benaye. Zan ci gaba da gwada lambar Moctar.

A shafa mini kan yaron, a gaida mutanen gida. Ni na yi kuskure, Hajiya.

Naki,
Rachidou