Sifikata a Kan Akwati

Litinin, 3 ga Maris

Siriri, mai gitarmu na biyu, ya turo bidiyon wasanmu na ranar Asabar. Sau uku na kalla. Ga ni nan a gefe, yatsuna suna ta aiki, amma ko ɗigon sautin bes, gitata mai kaurin murya, babu. Gita biyu sun cika wurin, Shugaba, mawaƙinmu, na ihu a makirfo, Yaya na jibgar ganguna kamar sun yi masa laifi. Ni kuwa hoto.

Shekara shida ina kaɗa bes a ƙungiyar nan. Waƙoƙin rok goma sha ɗaya, duk namu, ba mu ari ta kowa ba. Amma har yau in na faɗi abin da nake kaɗawa sai a ce, "Wanne ne a ciki?" Wata a wurin aikinmu ta ga gitata mai igiya huɗu, ta tambaye ni ko biyun tsinkewa suka yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwaji a ɗakinmu na saman shagon kafinta. Tun ranar da muka fara, sifikata a ƙasa take zama, kan daɓen katako, can lungu jikin gangunan Yaya. Shi ya ajiye ta can, ni kuma ƙanwa, ban taɓa tambaya ba. Yau na kinkimo ta na kawo gaba, na ɗora a kan akwati, na shimfiɗa tsohon soso a ƙarƙashi don kada ta yi ƙara.

Wayyo daɗi. Ashe haka nake!

Yaya ya ce, "Ke, mayar da ita inda take." Na ce saboda me. Ya ce nan ne wurinta. Na ce ta yi ƙaura. Ya cire takalminsa na hagu kamar kullum, muka fara.

Asabar, 8 ga Maris

Gidan rediyo sun kira Shugaba. Ran 22 ga wata za su ɗauki waƙoƙinmu uku, kai tsaye, babu a sake. Ciki har da tawa, wadda na rubuta kan layin asibiti. Na kasa cin abinci don murna.

Talata, 11 ga Maris

Ban san abin da ya shiga kan Yaya ba. Gudu yake. Mu fara tare, kafin amshi ya bar mu a baya, sai ya farga ya taka birki, mu kuma mu afka masa. Sau bakwai muka tsaya a waƙata. Bakwai! Na ce, "Yaya, ana bin ka ne?" Siriri ya yi dariya, shi bai yi ba.

Sai yanzu da aka fara jin ni zai ɓata min. Raina ya ɓaci sosai.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau ta fi ta shekaranjiya muni. Da aka tashi Shugaba ya tare ni a matakala. Wai akwai wani mai ganga da ya sani, hannunsa kamar agogo. Wai shi ba ya son rashin kunya ga babba, amma rediyo ba wasa ba ce. "Ke za ki gaya masa, ai jininki ne."

Sannu Shugaba. Sunan ma mu muka laƙaba masa don tsokana, ya ɗauka da gaske.

Abin da ba zan gaya wa kowa ba: tun kafin ya buɗe baki na riga shi tunanin.

Juma'a, 14 ga Maris

Yaya ne ya saya min bes ɗin farko, ta hannu, da wuyanta a karkace. Ban san me ya sa wannan ya dame ni yau ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na je gidansa da jawabina a shirye. Na same shi a tsakar gida yana wanke babur, ya ba ni baya. Na yi sallama sau biyu, shiru. Na ɗauka fushi ne. Anti, matarsa, ta yafito ni kicin ta tura ƙofa.

Ta ce ba fushi ba ne. Kunnensa na hagu ya mutu shekara biyu ke nan, na daman ma yana bi. Shekara ashirin a gaban injin yanka katako, sannan ga ganguna. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. "Amma na ga kwana goman nan ko abincin kirki ba ya ci."

Na ce to ta yaya yake kiɗa da mu duk wannan lokaci?

Ta ce, "Da ƙafa yake jin ki. Ya ce in kin kaɗa, katakon yana rawa a tafin ƙafarsa, shi yake bi."

Takalmin hagu. Shekara biyu ina tsokanarsa wai zai kashe mu da wari. Ni kuma na ɗauke sifikar daga ƙasa, har da sa mata soso.

Ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Na ci abinci, na yabi babur, na tafi. A hanya haushi ya ishe ni. Shi bakinsa ciwo yake? Kalma ɗaya! Ya gwammace a kore shi da ya ce wa ƙanwarsa ba ya ji. Kuma don me sai ni ce zan koma lungu?

Talata, 18 ga Maris

Na riga kowa zuwa, na mayar da ita. Yaya ya shigo, ya kalli lungun, bai kalle ni ba. Waƙa uku, ko sau ɗaya ba mu tsaya ba. Siriri ya tambaya ina akwatin, na ce karkarwa yake.

Na koma ba na jin kaina. Madalla.

Shugaba ya ce duk da haka mutuminsa zai zo gwaji jibi, ya riga ya yi masa alkawari. Ranar Yaya yana aikin yamma, ya lissafa abinsa sarai.

Alhamis, 20 ga Maris

Mutumin Shugaba ya zo. Kuma ya iya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Shugaba da kansa ya ɗora min sifika a kan akwati, ɗan neman suna. Waƙata ta fito yadda nake jin ta a kaina tun ranar da na rubuta ta. Sai da idona ya kawo ruwa.

Da baƙon ya sauka Shugaba ya ce to, me muka gani. Siriri ya duƙufa kan igiyar gitarsa. Na ce in Yaya ya tafi, su nemi mai bes ma. Siriri ya ce a hankali, "Ai ba wanda zai lura." Na jefe shi da soson. Shugaba ya yi ta faɗa, wai son kai, wai ƙungiyar gado muka mayar da ita. Ban ba shi dalili ba, ba sirrina ba ne. A ƙarshe ya ce in aka ji kunya ranar Asabar, a wuyana.

Sai da na zo gida na tuna. Ɗakin rediyo siminti ne da kafet, babu katakon da zai yi wa Yaya rawa a ƙafa.

Juma'a, 21 ga Maris

Kafinta ya ara min tsohuwar ƙofa. Ya tambaye ni ko gini na fara.

Asabar, 22 ga Maris

Mun shiga gidan rediyo da gita uku, ganguna da ƙofa. Na kwantar da ita a ƙasa, sifikata a kai ɗaya, kujerar Yaya a ɗaya kan. Mai ɗaukar sauti ya riƙe ƙugu. Ya ce in sifikar na nan jikin ganguna za ta shiga makirfonsu, dole ya rage ni sosai. Na ce ya rage.

Mun yi ukun, ba tuntuɓe. Siriri ya turo abin da aka ɗauka, ban buɗe ba tukuna, na san abin da ba zan ji ba.

Yaya ne ya ɗauko ƙofar a ka muka mayar wa kafinta. Da muka yi nisa ya ce, "Antinki ba ta iya riƙe magana ba." Na ce ranar Laraba akwai likitan kunne, na karɓo masa kati. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Can kuma ya ce ƙarfe nawa.

Har yanzu ina jin haushinsa, kada ma ya ɗauka ya wuce. Na dai lura tun daga rediyo har shago ta damansa nake tafiya, in ya juya ni ma in zagaya. Rana ce ta yi yawa ta ɗaya gefen.