Na karya muciyar Iyatu, ƙanwata ta daina yi mini magana

Hajiya Sa'adatu, don Allah ki taimake ni kafin in je makarantar ƙanwata in yi abin da za a daɗe ana labarinsa a unguwarmu ta Kilomita Biyar, nan Bangui.

Ni mai gyaran waya ne a bakin Titin Koudoukou, shekarata ashirin da huɗu. Tun rasuwar iyayenmu ni ke riƙe da ƙanwata Husna, 'yar shekara goma sha uku, da kakarmu Iyatu. A aji huɗu na tsaya, sauran karatun da tsofaffin jaridun ƙunshin kaya na koya wa kaina, don haka kada a ɗauka ƙin boko nake. Ana cewa ina da saurin baki. Ni kuwa na ce mutane ne ba sa saurin ganewa.

To, makarantar su Husna ta fito da wani abu wai shi atiliye, duk ranar Laraba. Ba lissafi ba, ba Faransanci ba, wai a zauna a kewaye kowa ya faɗi abin da ke ransa. Akwai wata ƙaramar sanda da malamarsu, wai madam, take miƙawa, wanda ya riƙe ta shi kaɗai ke magana, saura su yi tsit. Yarinyar nan ta kwaso mana abin har gida, da ba ta sami sanda ba ta ɗauko muciyar tuwo. Iyatu kuwa kamar jira take! In ta damƙi muciyar nan sai ta taso tun daga zuwan kakanmu Bangui, ni ina zaune magana na tafasa a cikina, miya na hucewa.

Mako biyu na jure. Ranar Juma'a da muka sauko daga masallaci, muciya ta zo hannun Husna. Ta fara da Hausa, ta sarƙe, ta koma Sango, yaren garin nan, alhali ta san na hana Sango a kan tabarmar cin abinci. Wai in ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gida tsoro ke kama ta. Wai ta fi wata tana son gaya mini abin da wata 'yar ajinsu ke yi mata, amma ta san ba zan bari ta kai ƙarshe ba. Ni! Ni da nake wanke mata takalmin makaranta! Ban san lokacin da na fizge muciyar na buga da ƙasa ba, ta rabe biyu.

Yau kwana biyar, daga gaisuwa ba ta ƙara komai. Iyatu da guntun take tuƙa tuwo tana hararata. Na yanke shawarar cire ta daga atiliyen nan, kuma Laraba mai zuwa zan je in tambayi madam ko raini aka ɗauke ta ta koyar. Sai dai shirun nan ya hana ni sukuni. Jiya na ɗaure wayar wani tsaf, ashe batirin yana kan tebur. Me zan yi?

Mai Gyaran Waya, Kilomita Biyar

Ɗana Mai Gyara,

Na karanta wasiƙarka daga farko har ƙarshe ban katse ka ba. Da daɗi, ko? To muciyar da ka karya ke nan.

Kana da taka gaskiyar. Ka ɗauki gida tun kana ƙarami, kana tsoron Hausa ta ɓace a bakin ƙanwarka, kuma jin irin wannan magana gaban kaka akwai zafi. Iyatu ma a roƙe ta ta riƙa sakin muciya kafin miya ta huce.

Amma Husna ba ta raina ka ba. Wanda ya raina ka ba ya gaya maka yana tsoronka. Ta ce ba za ka bari ta kai ƙarshe ba, kai kuma nan take ka ba ta shaida. Duba wasiƙarka: ka san ranar atiliye, ka san kwanakin shirunta, amma ba ka san sunan yarinyar da ke damunta ba, balle abin da take yi mata. Wannan shi ne abin gaggawa, ba madam ba.

Kada ka cire ta. In kana son zuwa ran Laraba, ka nemi izini ka zauna can baya, bakinka a rufe. Na san aiki ne, amma mai kwance ƙananan kusoshin waya ba ya rasa haƙuri.

Kafin nan ka sayo sabuwar muciya. Ka fara riƙe ta kai, ka ce Husna ta yafe maka, a taƙaice, ban da huɗuba. Sannan ka miƙa mata, ka zauna a kan tafin hannunka. Ka bar ta ta yi Sangonta. Hausar a koya mata wata rana, da lallami. Kada ka ce uffan sai ta maido maka da ita da hannunta.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya buɗe bakin Husna, Iyatu kuma ta sami abin tuƙa tuwo. Mai wayar nan ma ka mayar masa da batirinsa.

Hajiya Sa'adatu