Kan kibiyar da Baba yake so

Auta,

Ba za ka same mu ba, mun tafi asibiti da Baba. Kar hankalinka ya tashi, yana magana, har faɗa yake yi.

Gadun nan da ke tone mana gona ne. Da safe Baba ya harbe shi da kibiya mai faɗin kai ɗin nan, mai nauyi. Ka san tun da kafaɗarsa ta goce ya koma amfani da ƙaramin baka, shi kuwa bakan ba ya iya tura kibiya mai nauyi haka. Fata kawai ta huda. Gadun ya juyo da kibiyar tana reto, ya yage wa Baba cinya da haure, ya farke cikin karenmu, hanji a ƙasa, sannan ya tsere. Ni na ƙarasa karen da wuƙa, ban iya jure kukansa ba.

Ka je wurin maƙeri yau ɗin nan. A ƙera kan kibiya guda shida, sirara, marasa nauyi, kaifi biyu, a wasa su har su aske gashi. Ka tafi da bakan ya gwada ƙarfinsa.

In an gama ka ajiye su. Baba ya rantse ba mai taɓa gadun nan sai shi.

Yayanka