Yadda Gwaggo Asabe Ta Ji Labarinka

Zuwa ga mahaifina, Saje Garba mai ritaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ka koya mana, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Ni ce Rabi, 'yarka mai gardama. Na san mutane za su karanta wannan a shafina. Su karanta, ai kai ka ce wanda ya yi ɓarna a bainar jama'a, a nan ya kamata ya gyara.

Baba, shirin nan naka na 'yan sandan barkwanci, sun maimaito shi a talabijin ranar Lahadin da ta wuce. Kashin nan dai na Dogo da tsoho. Na ɗauki rimot zan canja tasha, hannuna ya ƙi.

Ka tuna yadda muke kallonsa a falonmu na unguwar Sedgefield, nan ƙasar waje, bayan la'asar? Sai ka dawo daga zagayenka na gefen filin golf, kana mitar an ɓata gonar gero sukutum, ka zauna ka ce in kunna maka mahaukatan nan. Turancinsu ya yi maka sauri, ni ke fassara. Sunayensu ma ba ruwanka da su. Shugaban caji ofis ɗin ka raɗa masa Mai Tumbi, kurtun nan mai tuntuɓe da ƙafarsa kuma Dogo. Kana dariya har hularka ta karkace, kana kuma faɗa. Wai wane ɗan sanda ne zai tsaya gaban oga hannu a aljihu? Da a Zariya ne da ya sha gwale-gwale.

A kashin nan aka aiki Dogo ya gaya wa wani tsoho cewa ɗansa ya rasu a hatsarin mota. Ya je, baki ya ƙi buɗuwa. Ya gyara wa tsohon famfo, ya sha shayi, ya kalli hotuna. Sai can ƙarshe ya jawo kujera ya zauna, ya cire hula, ya faɗa. Ranar ba ka yi dariya ba, ba ka yi faɗa ba. Har na daina fassara, ba ka ma lura ba.

Washegari da hutun rana, a ofishinmu da ke Elm Street, na karanta abin da masu sharhin fina-finai suka rubuta. Kai, sun yi masa kaca-kaca! Wani na ganin shi ne mafi rauni a zangon gaba ɗaya, wata na ƙorafin an gayyaci mutane dariya an ɓige da zaman makoki. Ɗaya ko biyu ne suka yaba. Na dawo gida da ɗokina ina karanta maka, ina tsokanarka, wai ga shi masana sun ce gwanin naka shirme ne.

Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Su masanan, sun taɓa yin sallama a ƙofar wani da irin wannan labari?"

Ranar na fara sanin aikin da ka yi shekara da shekaru kana ɗan sanda a hanyar Kaduna. Duk wanda mota ta kashe, kai ake turawa gidansu, don kowa zillewa yake. Ka ce Dogo ya yi daidai da ya zauna, kuskurensa ɗaya, shi kaɗai ya je. Kai sai ka fara biyawa ta wurin liman ko mai unguwa, in mace ce ka nemi dattijuwar maƙwabciya ku shiga tare. "Kai za ka faɗa ka tafi, Rabi. Wa zai zauna da mutum bayan ka tafi?" Na ce haka ne, Baba, idona na kan waya.

To ga abin da ya sa na rubuto. Safiyar da ka cika a asibiti, likita bai gama fita daga ɗakin ba na ciro waya. Na rubuta a guruf ɗin dangi cewa Baba ya rasu. Ban tuna Gwaggo Asabe ba ta cikin guruf ba, ba ta ma karatun boko. Ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ita kaɗai ta rage maka.

Tana tsakar gida a Zariya tana tsintar shinkafa, wata maƙwabciya ta shigo ta ce mata, "Ya haƙuri, Hajiya?" Ta ce, "Haƙurin me?" Haka ta ji, Baba. Kuma 'yar Saje Garba ce ta yi wannan aika-aikar.

Wata bakwai ba ta ɗaga wayata ba. Na tura saƙon murya, na aika turare da atamfa ta hannun masu zuwa gida, na sa Yaya Sani ya je ya ba ta baki. Ta amsa gaisuwar kowa ban da tawa. Mijina yana cewa in ba ta lokaci. Ni kuwa lokacin nake tsoro. Ta manyanta, ga ciwon ƙafa, kuma in ta tafi da fushina wallahi ban san da wace fuska zan same ku ba.

Lahadin nan na kalli Dogo har ƙarshe ina sharɓar kuka. Masu sharhi su yi haƙuri, ni dai ya yi mini rana. Litinin da safe, kafin in fita aiki, na kira Hajiya Laure, matar limamin unguwarsu, na roƙe ta ta je ta zauna da Gwaggo, sannan ta kira ni da wayarta. Allah ya saka mata, ta je.

Na gaida Gwaggo gaisuwa cikakkiya. Na tambayi ƙafarta. Na fara ba da haƙuri sai ta katse ni.

"Wa ke kusa da shi lokacin da ya cika?"

Na ce ni ce. Ta tambaya ko ka samu yin kalmar shahada, na ce ka yi har sau biyu, ta biyun a hankali. Ko ka sha ruwa, ko ka wahala, wa ya yi maka wanka, ko an samu masu sallatarka a ƙasar da ba taka ba. Na gaya mata 'yan Gana da 'yan Nijar ma sun cika sahu, wasu aiki suka baro suka zo. Ashe duk watannin nan tambayoyin na cikinta, ba wanda ya zauna ya amsa mata.

Da na gama sai ta ce, "To. Yau aka gaya mini yayana ya rasu." Sannan ta fashe da kuka, ina jin Hajiya Laure tana cewa sannu, sannu. Ban ajiye wayar ba sai da Gwaggo ta ce, tafi aiki kar a kore ki, ja'ira.

Ka yafe mini, Baba. Na makara ƙwarai, amma na kai mata. Kuma ina kewarka, kewa mai tsanani.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk gidan da ka shiga da labari mai nauyi ya zame maka shaida ranar gobe. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya ba ni ikon zuwa in durƙusa gabanta kafin azumi. Amin.

Taka har kullum,
Rabi
Greensboro